Ƙwallon Tsamiyar da Ya Ɓace a Faifan Inna

Da sunan Allah mai rahama mai jin ƙai.

Zuwa ga ɗiyata Uwani,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki lafiya, ya tsare ki a inda kike kwana da inda kike ɗaukar karatu, ya haɗa ki da abokan zama masu tsoronsa. Direban da ya ɗauke ku ya shaida wa babanki kun isa Sakkwato lafiya, mun gode wa Allah da ya raba ku da sharrin hanya. Gaisuwar ke nan. Kada ki jira labarin gida a wannan karon, domin da fushi nake rubutu, kuma gara ki sani tun yanzu.

Da gangan na ƙi kiran ki a waya. Na san halinki, za ki yi ta cewa "to Mama, to Mama," can layi ya yanke ki ce sabis ne. Na kuma san nawa halin, ina jin muryarki za ni ɗaga tawa, maƙwabta su sha labari a banza. Saboda haka ki nemi wuri ki zauna, ki karanta har ƙarshe.

Inna ba ta cin abincin kirki tun ranar da kika tafi. Kakarki, uwar babanki, wadda aka sa miki sunanta har muke sakayawa muna ce miki Uwani. In an kai mata tuwo sai ta taɓa gefe ta ture, fura ma sai an yi da gaske take kurɓa. Ta ƙulle ƙwallayen tsamiyarta a tsumma ta tura ƙarƙashin gado, ta aika wa matan unguwa cewa kada kowa ta zo jan Ya Laɗifu ran Alhamis. Tun da aka kawo ni gidanku ina amarya ban taɓa ganin ta ɗage wannan zama ba, ko da zazzaɓi take. Ba ciwo ya kama ta ba, maganarki ce ta kwantar da ita, ke kuwa kina can kina neman ɗakin kwana da katin shiga aji, ina jin ma kin manta kin yi ta.

Kin tashi kina ganin zaman nan, amma ban tabbata kin taɓa duban sa da hankali ba, don haka bari in maimaita miki. Duk Alhamis, da kuma in wani abu ya tsananta, ko ciwo, ko haihuwa ta zo da gardama, ko wani zai bi hanya mai hatsari, Inna takan tara mata a ja sunan Allah, Ya Laɗifu, sau dubu goma sha shida da ɗari shida da arba'in da ɗaya. Mahaifinta ya ba ta adadin, shi ma a wurin malaminsa ya karɓa. A lissafin haruffa da malamai ke yi, sunan Laɗifu haruffa huɗu ne: lam talatin ne, ɗa tara, ya goma, fa tamanin, jimla ɗari da ashirin da tara. Sai a ja ɗari da ashirin da tara, har sau ɗari da ashirin da tara. Ƙwallayen tsamiya ɗari da ashirin da tara ake zubawa a faifai. Kowace mace ta ɗauki guda, ta zagaye tasbaha sau ɗaya, casa'in da tara ke nan, ta cika talatin a gaɓoɓin yatsunta, ta jefa ƙwallon a ƙwarya, ta ɗauki wani. In faifai ya zama wayam, an gama.

Ki dubi dabarar da ke ciki. Ba ruwan Inna da mata nawa suka zo. Ko bakwai ne ko ashirin, ba wanda zai zauna rabawa, ba ragowar da za a rasa mai ɗauka. Mai saurin baki ta ɗauki da yawa, tsohuwa mai haki ta ɗauki biyu, mai goyo ta tashi ta ba da nono ta dawo, adadi yana nan yadda yake. Lamba guda kawai ake riƙewa a ka, ita ce yawan ƙwallo, ita ce kuma yawan ja.

Na koyar da lissafi a firamare har furfura ta fito mini, kuma ban ɓoye miki ba, babu lambar da nake so kamar 16,641. Mara ce, in an jera ta biyu-biyu sai guda ta yi saura. Murabba'i ce cikakkiya, da hatsi ne sai ki shimfiɗa shi layi ɗari da ashirin da tara, kowane layi ƙwaya ɗari da ashirin da tara, kusurwa huɗu daidai ba ƙari ba ragi. In kika farfasa ta har inda ba ta ƙara fasuwa, abu biyu kawai za ki tarar a cikinta, uku da arba'in da uku, kowanne sau biyu. Lambobi tara ne ke raba ta ba saura: 1, 3, 9, 43, 129, 387, 1,849, 5,547, sai ita kanta, kuma 129 na zaune a tsakiyarsu daidai, huɗu a gabanta huɗu a bayanta. In kika tara takwas na farko za ki sami 7,968, ba su kai ta ba, shi ya sa littafi ke sa ta a sahun lambobin da masu raba su ke kasa cim musu. In kuma kika fara tara lambobin mara daga ɗaya, uku, biyar, bakwai, har ki kai 257, a kanta za ki sauka. Duk wannan kin san shi, ni na koya miki a tabarmar tsakar gida kina 'yar firamare, kina tsalle kina cewa in ƙaro.

Kuskurena na farko ke nan. Na ba ki lambar kamar abin wasa, na nuna miki cikinta da bayanta, ban taɓa zaunar da ke na faɗa miki abin da take ɗauke da shi a wurin mai ita ba. Na ɗauka ido zai koya miki, tunda a gidan kika girma. Ashe kin haddace masu raba ta tara, ba ki san nauyinta ba. To ki ji yanzu, tunda lissafin kika tafi karantawa. Za a ba ki lambobi manya waɗanda suka ninka wannan sau dubu, a ce ki faɗi ajinsu da siffarsu. Ki yi, ki ƙware. Amma duk lambar da kika tsinta a hannun mutum, ba a littafi ba, ki fara tambayar me ya ɗora a kanta kafin ki buɗe baki.

Bari in tuna miki ranar, don na ga alama ke da mu ba abu ɗaya muka gani ba. Saboda ke aka taru. Za ki bi hanyar da kowa ya san halinta, Inna ta ce ba za ki hau mota ba sai an ja miki. Mata sun bar girkinsu da surfensu sun zo da hantsi, har da Rabi, matar marigayi baffanki Mainasara, wadda ba ta cika fita ba. Ana jiran sauran, kika jawo faifai gabanki kina wasa da ƙwallayen, kina jera su uku-uku. Na gane abin da kike yi, har na ji daɗi a raina. Ɗari da ashirin da tara uku ne sau arba'in da uku, dole su ƙare cif. Sai ga biyu sun yi saura. Kika sake jerawa, biyu suka sake yin saura.

A nan ne mai hankali za ta ɗago ta dube ni, ko ta taɓa ni da ƙafa, mu shiga ɗaki. Ina kusa da ke, tsamiya na nan cike da kwando a madafa, da na ɓare guda na jefa a faifai ba wanda ya ji ba wanda ya gani. Ke kuwa sai kika ɗaga murya, kina dariya.

"Inna, ƙwallayenki ba su cika ba hwa. Ɗari da ashirin da takwas na."

Ta ce, "Mi kic ce, takwara?"

Kika ce, "Guda ya ɓace. Amma kada ki damu, wagga lamba ta ma hi kyau, ana raba ta biyu har sau bakkwai." Wasu suka yi dariya ba don sun gane ba, sai don jika na tsokanar kakarta. Dariyar ta ƙara miki ƙarfi, kika ce, "Tsohuwa, ashe tun gudun da munka yi kuke ja da giɓi. Kuna auna ma Allah mudu bai cika ba."

Inna ta ce, "Tun gudu?"

Rabi ta sunkuyar da kai, ta tashi ta fita kamar za ta kama ruwa, ba ta dawo ba. Na kawo ƙwallo na cika, aka ja miki, aka shafa, kika bi mata kina godiya kina raba goro. Washegari kika durƙusa gaban Inna ta sa miki albarka, kika ɗauki jakarki. Ba ki ga komai ba. Wannan rashin gani ya fi maganar kanta ƙona mini rai.

Na san abin da za ki ce, wasan jika da kaka ne. Ni ma na yi shi da tawa kakar, na san daɗinsa. Ki ce mata ta tsufa, ki ce ta cinye naman miya, ki ɓoye mata sanda, ki ce za ki ƙwace mata gado, duk naki ne, ba mai hana ki. Amma akwai inda wasa ba ya shiga, kuma ba a rubuta wa kowa wurin a allo, mutum da kansa yake ganewa. Ke da kika ci jarrabawar da ta kai ki jami'a, wannan ce ta gagare ki?

Tunda sai an fassara miki, ga abin da kunnen Inna ya ji. Shekarar da muka gudo daga ƙauyenmu na bayan Kurawa muka dawo Isa, kin tuna da abin da kowa ya iya ɗauka. Ni na ɗauki ƙanenki da takardun makaranta, babanki ya ɗauki buhu guda. Inna ta bar tasoshinta da tumakinta, ta bar ramin kabarin mijinta a baya, ƙullin ƙwallayen nan kawai ta ɗaura a gefen zane. Da kaka ta yi, baffanki Mainasara, autanta, ya ce ba zai bar geron da ya noma tsuntsu ya cinye ba, ya koma yanka. A gonar ne masu bindiga suka ɗauke shi. Kina gidan nan lokacin, kin ga yadda tsakar gida ke cika da mata, a zube faifai a kwashe, a sake zubewa, har muryoyi suka dushe. Inna ba ta yarda ta tashi daga tabarma sai salla. Daga baya wani da ya kuɓuto ya kawo labarin cewa baffanki ya rasu a daji. Muka yi zaman makoki ba gawa.

Abin da ya riƙe tsohuwar nan a tsaye tun daga ranar shi ne cewa ta yi iyakar nata. Takan ce ta roƙa, ta cika adadi yadda aka ba ta, Mai abu ya karɓi abinsa. Da wannan take cin tuwo, da shi take barci. Sai ke, jikarta, takwararta, wadda duk unguwa ke cewa kanta na ja a lissafi, kika tsaya gaban mata kika shaida mata cewa tun gudu adadinta bai cika ba. Ba ta yi boko ba, amma ta iya haɗa biyu da biyu. Gudu ya riga kamun Mainasara. Ke nan duk jan da aka yi masa, a ganinta, da giɓin ɗari da ashirin da tara aka yi shi, kuma daga hannunta ƙwallon ya faɗi.

Yanzu bari in bar matsayin uwa in koma malamarki, domin ko a lissafin ma kin faɗi. Me kika tabbatar a ranar? Abu guda. Ƙwallayen da ke faifai a wannan hantsi ɗari da ashirin da takwas ne. Wannan gaskiya ne, na ƙirga bayanki, Inna ma ta ƙirga. To "tun gudu" fa, daga ina kika samo shi? Wa ya ƙirga su ranar da muka iso Isa? Wa ya ƙirga su a makon da aka kama baffanki? Yara nawa ke rarrafe a tsakar gidan nan suna kai komai baki? Sau nawa akuya ta tsallake faifan nan, sau nawa aka share tabarma bayan an tashi? Yana iya zama a hanyar gudu ya faɗi. Yana iya zama makon da ya wuce ne. Ba ki sani ba, ban sani ba. Kin san abu ɗaya kika faɗi biyu, na biyun kuwa don ya fi daɗin faɗa ne kawai. Da a takardar jarrabawa kika yi mini haka, da jan biro za ni zagaye shi in rubuta miki: ina hujja?

Ni ma na taɓa yin irinsa, shi ya sa na san ɗanɗanonsa. Farkon fara aikina na rubuta 1,849 a allo, na ce wa 'yan aji shida ba ta rabuwa sai da ɗaya da kanta. Na gwada biyu, uku, biyar, bakwai, sha ɗaya, sha uku, na ga ta ƙi, na gaji, na yanke hukunci. Yara suka kwafa. Sai da aka yi hutu, ina zaune ina farfasa lambar Inna don nishaɗi, na ga 1,849 ta fito a cikinta, ashe arba'in da uku ce sau arba'in da uku. Na tsaya da wuri ne, na kira gajiyata hujja. Da aka koma na gyara a gaban aji, amma wasu sun riga sun bar makaranta, kuma ina jin har yau akwai magidanci a Kamarawa ko Sabon Birni da ke ɗauke da ƙaryata a kansa, in ma ya tuna. Nawa kuskuren bai hana kowa cin tuwo ba. Duk da haka, ki riƙe wannan a can inda kike: inda gwajinki ya tsaya, nan bakinki zai tsaya. In ba ki kai ƙarshe ba ki ce ban kai ba.

Akwai wani kuma da nake jin haushin kaina a kai. Ni na saba miki da cewa lissafi bai san babba ba. Kina ƙarama in kika kama ni da kuskure a tarawa, tafa miki nake yi, in kira babanki in ce zo ka ji. Har yanzu ban janye ba, bakwai sau takwas hamsin da shida ne ko a bakin wa. Sai dai na koya miki rabin darasi. Lamba ce ba ta san babba ba, ke kin san shi. A jami'a za ki ga malami mai furfura ya zame a allo, za ki ga abokiyar karatu ta kawo amsa a karkace gaban samari. Ki gyara, ban ce ki haɗiye gaskiya ba. Amma ki duba wa ke wurin, ki duba abin da gyaran zai ci wa mutum, in da hali ki bi shi gefe. Wanda ke gyara don a ga ya iya daban yake da wanda ke gyara don abu ya daidaita, kuma mutane na gane bambancin tun kafin ya rufe baki.

Na kuma san a can za ki haɗu da masu ce miki wannan ƙirga duka ba ta da tushe, wasu kuma su ce tana da shi. Wannan gardamar malamai ce, sun fi mu sanin littattafansu, kada ki kawo mini ita a matsayin mafita. Ba a kan ƙirga nake faɗa da ke ba. A kan tsohuwa nake, wadda ke ramewa a gabana.

Kada ki ɗauka zaune muka yi. Babanki, da shegen son a zauna lafiya, ya ce a faɗa wa Inna kuskure kika yi wajen ƙirga. Na ce masa ya makara. Bayan tafiyarki ta sa na nuna mata ƙwallon da na ƙara, sabo ne, jansa bai dushe ba, ta ware shi gefe, ta jera sauran biyu-biyu da hannunta. Ta san nata mara ne, dole guda ya rage. Babu abin da ya rage. Ta daɗe tana shafa faifai da tafin hannu ko akwai wanda ya maƙale a saƙa. Ko da ba ta ƙirga ba ma, ba za ni yarda a yi mata ƙarya ba, ba yarinya ba ce.

Na ce mata, "Inna, ai ga shi an cika, sai a ci gaba."

Ta ce, "Malama, wanga ya cika na gobe. Na jiya hwa?"

Na faɗa mata duk abin da na rubuta miki a sama, cewa ba wanda ya san ranar da ya ɓace. Ta saurare ni sarai, sannan ta ce ni surukarta ce, dole in lallashe ta. Babanki ya ɗauko liman. Bawan Allah ya zauna a bakin ƙofa ya yi mata nasiha mai kyau, ya ce Allah ba ɗan kasuwa ba ne da zai mayar da roƙo don ƙwaya guda, niyya yake dubawa, kuma kwanan Mainasara a rubuce yake tun kafin a haife shi. Ta yi ta cewa haka ne, haka ne, ta yi masa godiya, ta sa aka ba shi goro. Yana fita ta juya fuska bango.

Ina jin haushin mutanen da suka raba mu da gidajenmu har tsohuwa ta yi gudu da ƙulli a gefen zane, Allah ya isa tsakaninmu da su. Ina jin haushin matan da suka yi miki dariya, manya da su, yanzu kuma suna zuwa dubiya suna tambaya wai me ya sami Inna. Amma waɗancan ba ni na haife su ba. Ke na haifa, ke na koya wa jera abu uku-uku.

Jiya da la'asar na kai mata kunu. Ta tashi zaune da ƙyar, wuyan rigarta na zamewa daga kafaɗa saboda rama. Ta riƙe kofin ba ta sha ba, ta ce in zauna.

"Malama, liman ya yi maganatai, na jiya. Ke ma kin yi taki. Amma ba ku ne kunka gano giɓin ba, takwara tag gano shi. Ita ad da sanin lamba, shi ya sa anka kai ta Sakkwato. In kin yi mata takarda ki tambayo min ita."

Na ce, "Mi za ni tambaye ta, Inna?"

Ta ce, "Ki ce mata, da ƙwallon nan na ciki, da Mainasara ya dawo?"

Na ce mata za ni tambaya, sai a lokacin ta kurɓi kunun kaɗan.

To na tambaya. Tambayar na hannunki yanzu, kuma ba wanda zai amsa miki ita, domin ke kaɗai za ta yarda da ke. Kada ki hau mota ki taho, ban yarda ki sake bin hanyar nan ba sai hutu, kuma ban sani ba ko Inna za ta kai hutu a haka. Ran Juma'a in an sauko daga masallaci ki kira wayar babanki, ki nemi inda sabis ke da ƙarfi tun kafin lokaci. Ni za ni kai mata wayar har gado in kanga mata a kunne. Kada ki ce mata wasa kike yi, ta san da wasa kika faɗa, ba shi ya dame ta ba. Kada ki tsaya a "ki yi haƙuri," ba haƙuri ta aiko a karɓo mata ba. Kada kuma ki yi mata ƙarya, ko ta alheri ce, za ta ji a muryarki. Ki faɗa mata abin da kika ƙirga, ki faɗa mata abin da ba ki ƙirga ba kika faɗa, ki faɗa mata inda ilminki ya ƙare, da bakinki, a hankali, yadda tsohuwa za ta gane. In kuka ya zo miki ki bar shi ya zo. Ba za ni rubuta miki kalmomin ba, ki nemo su da kanki kamar yadda kika nemo waɗancan.

Fushina bai rage komai daga son da nake miki ba, kin sani. Allah ya tsare ki daga sharrin mutum da na aljan, ya tsare ki daga sharrin harshenki, ya buɗa miki karatu, ya ba ki ilmi mai amfani da hankalin riƙe shi. Allah ya kawo mana zaman lafiya a ƙasarmu, ya jiƙan baffanki a inda yake kwance. Allah ya sa a bakinki abin da zai tayar da kakarki ta ci abinci.

Na ce mata Juma'a za ki kira. Tun da safen nan take tambayata yau wace rana.

Wassalam,
Mahaifiyarki.